Kawuna da Kurar Ruwansa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma da asubar wata Lahadi, sati biyu ke nan, Kawuna ya riga mu komawa. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Inna ta ce ya haura saba'in. Shi kansa in ka tambaye shi shekarunsa, dariya zai yi ya ce, "Da yawa." Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne kurar turin ruwa, da jarkoki goma, da randuna uku a gindin bishiyar bedi, wato darbejiya, a bakin hanyar Magama, inda motocin da za su tsallaka Nijar suke tsayawa jira.

Kwana uku muka yi zaman makoki a ƙofar gida, kuma an zo, ba laifi. Sai dai duk wanda ya zauna kan tabarma ya shafa fatiha, magana ɗaya zai yi mana.

"Allah shi jiƙan shi. Ku dai kun yi ƙoƙari, Allah shi ba ku ladar riƙo."

Wani dattijo daga Farfaru, abokin marigayi mahaifina, ya dafa gwiwata ya ce, "Kada ka damu, ɗana. Irin su ai 'yan Aljanna ne, an ɗauke masu alƙalami. Ba a rubuta masu komi."

Cikin gida kuma, matata ta ce da kunnenta ta ji wata ta riƙe hannun Inna tana cewa, "Baiwar Allah, kin huta."

Na san babu mai mugun nufi a cikinsu. Haka aka saba yi wa irinmu gaisuwa, mu da Allah ya ba mu ɗan'uwa wanda hankalinsa bai kai na sauran mutane ba. Amma ni kowace gaisuwa sai ta ƙara ƙona mini rai. Kwana uku ina sauraro, ban ji bakin da ya ce Allah ya saka masa da aikin da ya yi ba. Mu ake yi wa godiya don mun ciyar da shi, kamar dai zamansa a duniya cin tuwo ne kawai. Kuma duk mazan da ke wannan magana suna maƙabarta ranar da muka kai shi, sun ga abin da ya faru, amma babu wanda ya ɗaga zancen. Ni malamin makaranta ne a Katsina, ba malamin addini ba, ban san abin da aka rubuta wa Kawu a can ba. Abin da na gani da idona a nan shi zan faɗa, don kada a manta.

Inna ta ce haka aka haife shi. Sai da ya shekara shida ya fara haɗa magana. An kai shi makarantar allo, yaran da suka fara tare suka sauke, shi yana nan a Fatiha da Ƙulhuwallahu, kuma da su ya yi sallarsa har ya koma ga Allah. Bai san agogo ba, bai iya saƙo mai kai biyu ba: in ka aike shi gishiri da ashana, ɗaya zai kawo. Kakata ce ta gano abin da ya iya. A zamaninta mutane da ƙafa suke bi ta nan zuwa Maraɗi, sai ta kafa randa a ƙofar gida saboda masu wucewa, ta ce cika ta aikinsa ne. Ta rasu ina ɗan firamare. An yi zaton randar za ta bi ta, sai ga shi washegarin sadakar uku ya ɗauki tulu ya nufi rijiya, babu wanda ya ce masa ya je.

Daga randa ɗaya ta zama uku, daga ƙofar gida ta koma bakin titi, daga tulu ya koma kura. Wani direban babbar mota, mutumin Nijar, shi ya kawo masa jarkokin farko, yana cewa, "Ga bido, Kawu, kai ka fi mu buƙatar su." Babu hukumar da ta sa shi, babu mai biyan sa. In matafiyi ya miƙo masa wani abu, hannunsa yake ɓoyewa a baya ya ɓata fuska, kamar an zage shi.

Yana da tsarinsa, kuma duniya ba ta isa ta canza masa shi ba. Ba ya zuba sabon ruwa kan na jiya. Sai ya juye ragowar a gindin bedi, ya wanke kowace randa da soso ciki da waje, ya jiƙa yashin da ya tara a gindinta, ya jiƙa buhun da yake lulluɓa mata, sannan ya cika. Moɗar farko shi yake sha, ya tsaya shiru yana jin ta a bakinsa, ya gyaɗa kai. Direbobi sun sha tsayawa da ƙishi suna roƙonsa, "Kawu, don Allah bari mu sha haka nan, ana jiranmu wajen 'yan duwan, kwastan ɗin boda." Ba ya ko ɗaga kai. Duk garin Kawu ake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Gaisuwarsa kuwa ɗaya ce, safe da yamma, ga babba ga yaro, ga mai kaki ga mai talla: "Ka sha?" In ka ce ka sha, sai ya ce, "To, madalla," ya wuce. In ka ce ba ka sha ba, ka jawo wa kanka, don ba za ka bar wurin ba sai ka sha.

Aikinsa na biyu ba kowa ya lura da shi ba, kuma shi ne maganar da ta kawo ni. A wurinmu in an sa mamaci a kabari, aka jera itace, sai an kwaɓa ƙasa da ruwa an toshe kafin a mayar da busasshiya. Akwai wani tsohon duro a bakin maƙabartarmu, yana ɗan yoyo, ba ya riƙe ruwa ya kwana biyu. Duk ranar da lasifikar masallaci ta yi sanarwar rasuwa, Kawu zai bar abin da yake yi ya tura kura ya cika shi tun kafin a gama wanka. In masu makara suka iso, ruwa na nan. Shekara wajen arba'in haka. Ni kaina da muka kai mahaifina, na ɗebi ruwan nan da hannuna, ban tambayi kaina daga ina ya zo ba.

Shekara goma sha biyar da suka wuce ya yi ƙane. Wata mata Kirista daga kudancin Kaduna, mijinta ma'aikacin boda ne ya rasu a nan, ta zauna tana sayar da abinci a tasha. Tana da ɗa, a lokacin ya kusa talatin, gajere mai jiki, harshensa da nauyi, shi ma irin Kawu ne. Kullum yana zaune bayan rumfarta, ba ta barin sa ya je ko'ina don tsoron tsokanar mutane. Wata rana kura ta maƙale wa Kawu a yashi daidai rumfar. Ya duba, ya ga mutum zaune, ya ce, "Kai, taso ka tura." Ya taso ya tura. Uwar ta ba ni labarin tana share ido da bakin zane, ta ce tun da ta haife shi, ranar ce ta fara jin wani ya nemi taimakonsa.

Tun daga ranar Kawu yake riƙe hannun kura na dama, shi na hagu. "Ƙanena" yake ce masa, har garin ya ɗauka, aka koma kiran sa Ƙanen Kawu. Yanzu ya yi furfura, sunan bai canza ba. Ba su cika hira ba. Za su yi sawu huɗu tsakanin famfo da randuna ba wanda ya ce uffan, sai in taya ta hau dutse su yi dariya tare. Da wani mai tsaurin ra'ayi ya tare Kawu a bakin maƙabarta ya ce bai kamata wanda ba Musulmi ba ya riƙa kawo ruwan kabari, Kawu ya dube shi ya ce, "To zo ka kama nan." Mutumin ya duba farar shaddarsa, ya duba taɓon da ke hannun kurar, ya tuna yana da uzuri. Ba a sake tayar da maganar ba.

Ba zan wanke kaina ba. Ina sakandare na fi kowa jin kunyarsa. In muka taso da abokai muka hango shi da jiƙaƙƙen wando yana tura kura, sai in tsallaka titi. Shi kuwa daga nesa zai ɗaga hannu ya ƙwala, "Ɗan Yaya! Ka sha?" Abokai su fashe da dariya, ni in yi kamar ba da ni ake ba. Da na girma kunyar ta canza kaya, ta koma tausayi, wanda a ganina yanzu bai fi ta kyau ba. Shekara uku da suka wuce na zo hutu na ga gwiwoyinsa sun kumbura. Na ce wa Inna ya isa haka, mutane za su ce muna da ɗa ma'aikaci amma mun bar tsoho yana garuwa. Na sa aka kai kurar gidan wani abokina aka kulle.

Da safe ya fito bai gan ta ba. Ya zagaya gidan sau uku, ya zo ya tsaya a kaina.

"Ɗan Yaya, ina kura?"

"Kawu, ka huta. Ka yi aikinka, ya isa. Ga shayi."

"Mi na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Don lafiyarka ne."

"Mutane za su zo," ya ce. "Ba su sha ba."

Na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Na ce mutanen nan suna da ruwan leda, babu wanda zai mutu don randarsa ta bushe, babu ma wanda zai lura. Ya juya. Ya je ya zauna a zaure, shayin ya huce a gabansa. Da hantsi Inna ta leƙa ba ta gan shi ba. Na bi sawu na same su a hanyar famfo, shi da Ƙanensa, sun rataya jarka ɗaya a sanda, kowa ya ɗora baki ɗaya a kafaɗa, suna tafe suna tangaɗi. Sawu goma za su yi a haka kafin su kawo abin da kura ke kawowa a sawu ɗaya. Da kaina na turo kurar na kawo masa. Bai yi mini magana ba har kwana biyu. Ranar da zan koma Katsina ya biyo ni har bakin mota, ya miƙo moɗa ta taga, ya ce, "Ka sha?" Na sha, kuma daga shi har ni ba wanda ya sake tuna wa wani.

Sau ɗaya na ga ya nemi wani abu don kansa. Wata ƙungiya ta zo daga birni tana rubuta masu aikin sa kai na unguwanni, masu share kwata da masu taimaka wa asibiti, ana ba kowa riga mai ruwan ɗorawa. Kawu ya ja Ƙanensa suka shiga layi. Da suka iso gaban tebur, yarinyar da ke rubutu ta dube su da fara'a, ta nuna masu ɗaya layin, na masu buƙata ta musamman, inda ake raba shinkafa. Kawu ya ce, "Riga." Ta ce rigar ta ma'aikata ce, Baba. Ya ce, "Mu ma aiki mu kai." Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya yi maganar manya. Ina tsaye a wurin, da takardun digirina da bakina, ban ce komai ba. Suka fita daga layin, ba riga ba shinkafa. Da rana ta take, 'yan ƙungiyar duk a randarsa suka sha.

Lokacin da aka rufe boda, Magama ta mutu a tsaye. Motoci suka daina zuwa, rumfuna suka rufe, masu dako suka watse, akuyoyi suka koma kwanciya a tsakiyar kwalta. Na zo wani ƙarshen mako na zauna nesa ina kallonsu. Sun wanke randuna, sun cika, sun zauna a gindin bedi, ɗaya nan ɗaya can, suna kallon hanyar da babu kowa a kanta. Har la'asar mutum biyu ne suka sha, ɗaya ma mahaukacin tasha ne. Washegari suka juye ruwan a gindin bishiya, suka wanke, suka sake cikawa. Na ce, "Kawu, ko randa ɗaya ta isa yanzu?" Ya ce, "Za su zo." Watanni aka yi haka. Waɗanda suka zo daga baya ba matafiya ba ne, mata ne da yara daga ƙauyukan wajen Bugaje, waɗanda 'yan bindiga suka tayar, da ƙullin kaya a ka, ba takalma. Inna ta ce ranar sawu tara suka yi, har tayar kura ta fashe.

Ciwonsa kwana biyar ne. Zazzaɓi, sai ƙirji. A kwanakin nan Ƙanensa shi kaɗai yake cika randuna, da rabin jarkoki, ya zo ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Kawu, an cika." Daga ciki Kawu ya ce, "Ka wanke?" Ya ce ya wanke. Na iso ranar Asabar da yamma. Kawu ya gane ni, ya motsa baki, na san abin da yake tambaya, na ce na sha. Da asuba ya cika.

Aka yi sanarwa a lasifika da sunansa na yanka, sunan da rabin garin ba su taɓa ji ba. Muka yi masa wanka, aka sallace shi da hantsi, muka ɗauki makara. Mutane sun taru fiye da zatona, har da direbobi da 'yan kasuwa, don ranar kasuwa ce. Aka sa shi a kabari, aka jera itace. Mai haƙa ya miƙo hannu daga ciki ya ce, "Ruwa." Wani saurayi ya ruga wajen duro da bokiti, muka ji ƙarar bokitin a gindin ƙarfe. Babu ko ɗigo.

Sai wani dattijo a sahun gaba, mutumin kirki, wanda ya yi shekara talatin yana zuwa jana'iza a maƙabartar nan, ya juya cikin faɗa ya ce, "Wai ina Kawu ne yau? Ku kira shi mana!"

Kafin ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Mu fiye da ɗari, da liman, da malaman makaranta, da masu motoci, babu wanda ya tuna cewa ruwan nan mutum ne yake kawo shi. Muka tsaya cikin rana, kabari a buɗe, kowa ya sunkuyar da kai. Aka tura yara biyu a babur su nemo.

Ba su dawo ba muka ji kukan taya. Ƙanen Kawu ne, shi kaɗai, da jarkoki goma cif, yana tura kura cikin yashi tana karkacewa, ya ja ta baya ya sake turawa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya ji sanarwa a lasifika, ya san abin da ake yi in an ji ta. Sunan da aka faɗa bai san na wane ne ba. Uwarsa ta tafi coci cikin gari tun da sassafe, mu kuma a cikinmu babu wanda ya ga ya kamata a je a gaya masa. Ya iso yana haki, ya duba taron fuska bayan fuska.

"Ina Kawu?" ya ce. "Ya bar ni ni ɗaya. Yashi ya riƙe taya."

Ni ne ɗan 'yar'uwar Kawu, ni ya kamata in amsa, sai na kawar da kai kamar kowa. Ya ga ba a kula shi ba, abin da ya saba, sai ya sauke jarka ya zuba a ƙasa yadda Kawu ya koya masa, a hankali, don kada ta yi ruwa da yawa. Da ruwansa aka kwaɓa, da shi aka rufe. Ya jira aka shafa fatiha, ya juya kurarsa ya tafi yana waige. Sai da yamma uwarsa ta gaya masa.

Kwana uku na makoki bai zo ba, kuma ban ji wanda ya ce a je a yi masa gaisuwa ba. Mu da muka ciyar da Kawu aka yi ta yi wa. Rana ta huɗu da safe na je gindin bedi. Na same shi ya juye ruwan jiya yana wanke randa ta biyu. Na tsuguna, na ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan yayanka." Ya dube ni ya daɗe, don ina jin babu wanda ya taɓa yi masa irin wannan gaisuwa. Ya ce, "Mama ta ce ba zai zo ba." Na ce haka ne. Ya ce, "Gobe ma?" Na ce gobe ma. Ya ci gaba da wankinsa.

Na taya shi sawu biyu ranar, hannuna ya yi kanta, numfashina ya ƙare, washegari kuma aiki ya kira ni Katsina. Na yi wa mai unguwa magana, ya ce za a duba, na san irin wannan dubawar. Da motarmu ta tashi na hango shi ta taga a hanyar famfo. Har yanzu hannun hagu yake riƙewa da hannayensa biyu, ya bar na dama ba kowa, shi ya sa kurar take ta janyewa gefe, ya tsaya ya daidaita ta, ya sake turawa.

Ya Allah, mu dai mun sha ba mu gode ba. Kai da ba Ka mantuwa, Ka jiƙan Kawuna, Ka shayar da shi, Ka sanyaya masa makwanci. Wanda ya bari a hanya kuma, Ka kawo masa mai kama ɗaya hannun.